Sojan Indiya da Aka Ɗaure a Rana

Ina aji uku a firamare lokacin da aka kawo Kaka daga Kafanchan ta zauna da mu a Silver Spring. Mama nas ce, aikin yamma take yi, don haka bayan abinci ni da ƙanena Bulus sai mu zauna kusa da hita, Kaka ta lulluɓe ƙafafunta da bargo tana mita cewa wutar Amurka ba ta da harshe ba ta da hayaƙi. Tana ba mu tatsuniyar kura da zomo da Hausa, muna yi mata tambaya da Turanci.

Wata rana Bulus ya ga hoton kakanmu marigayi cikin kakin soja, ya ce a ba mu labarin yadda ya ci yaƙi.

"Wannan ba tatsuniya ba ce," in ji Kaka. "Shi ya faɗa mini da bakinsa."

Ta ce a hanyar su kakanmu ta zuwa yaƙi a ƙasar Bama, Turawa sun sauke su a wani bariki a Indiya, ana tsananin yunwa. Cikin bariki buhunan shinkafa har rufi, bayan shingen waya kuwa mutane kwance suna roƙon ruwan da aka tace daga dafaffiyar shinkafa. Masu gadin rumbun sojojin Indiya ne, 'yan ƙasar, amma Bature ke ba su umarni. Ɗaya daga cikinsu, abokin hirar kakanmu, ya ji wata mata mai goyo tana roƙo da harshen ƙauyensu. Ya miƙa mata kwanon abincinsa ta ƙarƙashin waya. Baturen nan, hafsansu, ya gani. Ya sa aka ɗaure shi a jikin turke cikin rana, fuskarsa na kallon wayar, ya ce kada a ba shi ruwa. Kafin la'asar matar ta daina motsi, jaririn na kuka a bayanta, mutumin yana gani.

"Wa ya ɗaure shi?" na tambaya.

"Kakanku. Shi aka ba igiya, shi ya tsaya a kansa da bindiga."

Bulus ya ajiye hoton. Na jira ta ce daga baya kakanmu ya kwance shi, ko an hukunta Baturen, kamar yadda kura ke shan kashi a ƙarshe. Sai kawai ta ce mu je mu wanke baki.

Na yi shekaru ina jin haushin kakan da ban taɓa gani ba. Sai da na girma, na fara aiki ƙarƙashin wasu, na gane shi da sojan da ya ɗaure, su biyun kaki ɗaya suka sa, murya ɗaya suke tsoro. Na taɓa tambayar Kaka sunan mutumin. Ta ce kakanmu ya sani, a mafarki yakan kira shi, amma ido biyu bai taɓa iya furta shi ba.