Fuskar Nemesio a kan Sunan Crispín

A unguwar masu aikin rake ta San Pedro, in kana son a kore ka daga teburin domino, to ka ambaci kati a gaban Crispín Ozoria. Tsohon ba ya jira ka kai ƙarshen magana.

Shekara tara ya yi yana buga wa ƙungiyar masana'antar sukari ƙwallon sanda. Shi ne mai tsugunne a bayan mai duka, fuska cikin takunkumin ƙarfe, yana cafe duk abin da mai jifa ya wurgo. Da yatsu yake gaya wa mai jifa irin ƙwallon da zai sako: ɗaya miƙaƙƙiya, biyu mai lanƙwasa. Wata Lahadi ya nuna wa mai jifansu Nemesio Tavárez yatsa biyu, Nemesio kuwa don taurin kai ya sako miƙaƙƙiya da iya ƙarfinsa. Ta sami hannun daman Crispín, wanda babu safar kariya, ta karya yatsa uku. Daga ranar wasa ya ƙare masa, ya koma gadin ƙofar masana'anta har ya tsufa.

A shekarar ne wani kamfanin cingam ya buga katunan 'yan wasa, ana samun ɗaya a kowane ƙunshi. Casilda matarsa ta dinga sayen cingam har muƙamuƙinta ya yi tsami kafin ta ci karo da na mijinta. Suna nasa ne, lamba tasa ce, amma fuskar da ke murmushi a kai ta Nemesio ce. An musanya hotuna a wurin bugawa, kuma ba a taɓa gyarawa ba.

Abin haushin, kuskuren nan shi ya sa masu tara katuna ke neman wannan kati ruwa a jallo. Har daga New York suke zuwa, kati cikin leda mai tauri, suna roƙon ya sa hannu.

"In sa hannu a goshin wa?" yakan ce. "Maƙabarta tana bayan coci, ku je ku ta da Nemesio ya sa muku!"

To, bara sai kwamitin unguwa ya ce za a zana tsofaffin 'yan wasa a bangon filin. Da safe Crispín yana cin dakakkiyar ayaba da soyayyar albasa, Casilda ta dawo daga kasuwa ta tsaya a kansa.

"Tsoho, gama cin abincinka tukuna."

"Me ya faru?"

"Na ce ka gama ci."

Bai gama ba. Ya ɗauki hularsa ya nufi fili. Ga bango nan an shafe shi da shuɗi, ga sunansa da manyan baƙaƙe, ga Nemesio a sama, haƙoransa kowane ɗaya ya kai tafin hannu. Yunior mai zane yana kan tsani, katin a manne gefen bokitin fenti.

"Kai! Sauko!"

"Ah, Don Crispín! Ka ga na mayar da kai saurayi?"

"Saurayin gidanku! Wannan mai kunnen jemagen ne ni? Ka dube ni da kyau!"

Yunior ya dubi kati, ya dubi tsoho. "Baba, kwamiti ne ya ba ni. Na ɗauka tsufa ne ya sauya ka."

"Tsufa yana rage wa mutum kunne? Mutumin nan ya cinye mini hannu, ya cinye mini kati, yanzu yana kabari zai cinye mini bango? Jikokina ta nan suke bi zuwa makaranta!"

Masu babur sun fara taruwa. Wani dattijo ya ce shi dai ya kalli wasan Crispín fiye da sau ɗari, amma ya rantse ba zai iya cewa ga kamanninsa a lokacin ba, kullum fuskar tana cikin ƙarfe. Wannan maganar ta fi komai ƙona wa Crispín rai, don gaskiya ce.

"Kawo mini hotonka na ƙuruciya, yau ɗin nan in goge," in ji Yunior. "Jibi za a buɗe bangon."

Crispín kuwa ba shi da ko ɗaya. Hotuna uku ya taɓa mallaka, kuma guguwar da ta ɗauke rufin gidansu ta tafi da su tun shekaru da yawa. Casilda, wadda ta biyo shi da kwandon kasuwa har yanzu a hannu, ta kama hannunsa na dama ta ɗaga sama, kamar mai nuna kifi ga mai saye.

"Ga hotonsa. Duk garin nan wa ke da irin wannan?"

Yatsun kuwa kowanne ya kama gabansa, na tsakiya yana kallon gabas, ƙaramin ya kwanta a kan maƙwabcinsa. Yunior ya daɗe yana kallo. Ya sauko, ya ce tsohon ya tsuguna yadda yake yi a da. Gwiwoyi suka yi ƙara, Crispín ya zage su, ya zagi kamfanin cingam, ya tsuguna.

Kwana biyu Yunior yana aiki. Ya shafe Nemesio, ya zana mutum a tsugunne cikin takunkumi, hannun dama a ƙasa yana nuna yatsa biyu karkatattu. Crispín ya kafa kujera a gindin tsani bai motsa ba. Da aka zo kan idanun da ke leƙowa ta cikin ƙarfen, sai ya miƙe tsaye.

"Waɗannan idanun Nemesio ne. Ka bar su a ƙasan fenti, ina ganinsu."

"Haba Baba, wa zai lura?"

"Ni!"

Ya cire hula, ya hau mataki biyu na tsanin, ya kawo fuskarsa dab da ta Yunior, ya zaro ido. Yunior ya zana abin da ya gani, har da jan da ke ciki.

Masu tara katuna har yanzu suna zuwa. Crispín ba ya sa hannu, amma ya daina tura su maƙabarta. Yakan nuna musu hanyar fili da karkataccen yatsansa, ya ce su je su gani, kuma su lura Yunior ya miƙe ƙaramin yatsan fiye da yadda yake.