Takardar Zaɓin Yining

Ranar Talata ce, sha huɗu ga Mayu. Ƙarfe shida da kwata na fito na tarar 'yata Yining ta ajiye takarda a daidai inda kwanona yake zama. Shekarunta sha shida. Takardar daga makaranta take: duk wanda ke gama aji na goma sai ya zaɓi tsarin karatun da zai bi na shekara biyu kafin ya nemi jami'a a waje, uba ko uwa su sa hannu, a mayar kafin a tashi ranar Juma'a. Ta riga ta yi alama a kan tsarin da ake kira IB. Layin sa hannuna kawai ya rage.

"Tsoho, ga alƙalami. Har murfin na cire maka."

"Ɗauke min, abinci zan ci."

"Babban injiniya guda, sa hannu ya gagare shi."

Mahaifiyarta, Pei Lan, ta leƙo daga madafa. "Ningning, da ubanki kike magana ko da direban tasi?"

Bakwai saura kwata ta shanye madarar waken suya a tsaye, ta tura min wani shuɗin fayil da takardar a cikinsa, ta ce in karanta idan gadojin Chengdu za su iya jira na rabin awa. Bakwai da minti biyar ta fita.

Wata uku muna wannan ja-in-ja. Tun da muka cire ta daga layin gaokao, babbar jarrabawar ƙasa, muka sa ta a sashen masu fita waje, na san babu komawa, saboda haka hanyar da ba ta da haɗari nake so. A-Level nake nufi: darasi uku, lissafi da kimiyya, inda yaranmu suka saba cinyewa. Abin da kowa ke faɗa ke nan a zauren iyaye na waya. Pei Lan ta fi son AP, tsarin Amurkawa, don ƙanenta yana Amurka. IB kuwa darasi shida ne da dogon rubutun bincike, kuma iyaye suna cewa duk yaron da ya shiga ya yi sallama da barci.

Yining ba ta gardama da baki kawai. Tana aji biyu ta ƙirga takunta mako guda don ta nuna wa kakarta cewa hanyar kasuwa ta fi ta bakin kogi kusa da makaranta. Wannan karon ma haka ta yi. Ta tattaro tsofaffin takardun jarrabawa na tsarin nan uku, ta zauna musu Lahadi tara a jere a teburin cin abinci. Mahaifiyata, wadda ba ta san harafin Turanci ko ɗaya ba, ita ce mai sa ido, da agogon dafa ƙwai a hannu.

"Kaka, saura minti nawa?"

"Ke dai rubuta. Ɗalibar banza, wa ya ce miki ana hira da mai sa ido?"

Ƙarfe sha biyu da rabi na buɗe fayil ɗin a ofis, kwanon taliya yana hucewa a gefe. A shafin farko ta jera makin da malamai suka ba ta ba tare da sun san mai rubutun ba. A-Level ta fi ci. IB ce a ƙasa, da tazara mai yawa. Ba ta ɓoye ba, har ja masa layi ta yi. A shafin ƙarshe ta rubuta: "Baba, kai ne da gaskiya, A-Level ta fi min sauƙi. Amma a makarantarmu wanda ya ɗauke ta ya bar adabin Sinanci ke nan yana ɗan sha shida. A IB zan riƙe shi tare da ilimin halittu. Ƙasar mutane zan tafi, ba na so in dawo abin da na iya da harshenmu shi ne sayen abinci."

Shekara ashirin da uku ina karanta rahotannin injiniyoyi. Ba su kai biyar ba waɗanda na ga sun sa adadin da ke karya hujjarsu a shafin farko. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin da huɗu na sa hannu. Bayan minti biyu na ɗauki hoton takardar na aika mata. A makarantarsu ana ba su wayoyinsu lokacin hutun rana, a karɓe ɗaya da rabi. Amsa ba ta zo ba.

Huɗu saura minti ashirin ajinsu ya fita gwajin gudun mita ɗari takwas. A zagaye na biyu ta faɗi. Huɗu saura minti biyu malamar ajinsu, Malama Gong, ta kira ni. Biyar da minti sha biyu likita ya fito ya same mu a barandar asibiti. Matsala ce a zuciya, da ita aka haife ta, babu wanda ya sani.

Manhajar da muke aika saƙo da ita ba ta nuna ko an karanta. Minti huɗu ne tsakanin aikawata da karɓar wayoyi. Abin da ban sani ba shi ne ko ta bar duniya tana ganin ubanta ya ƙi.

Takardar na kai ta makaranta ranar Juma'ar, kafin a rufe karɓa. Malama Gong ta karɓa da hannu biyu, ta sa ta cikin na sauran 'yan ajin. Ta roƙi a bar ta ta yi kwafin shuɗin fayil ɗin, muka bari. Bara ɗalibai sha ɗaya suka zauna wa tsofaffin takardun jarrabawa kafin su zaɓa, kamar yadda ta yi, kuma ba duka ne suka ɗauki IB ba.

Tufafin da ta fi so, kakarta ta ƙona mata su a kwana na arba'in da tara da rasuwarta, bisa al'adarmu. Littattafan Turanci muka ba ɗakin karatun unguwa. Na Sinanci suna nan yadda ta jera su.

Jakar makarantarta ta yi kwana sha ɗaya a bakin ƙofa kafin Pei Lan ta iya buɗewa. Wayar tana ciki, inda malamai suka mayar da ita, kuma Pei Lan ta san lambobin buɗe ta. Hoton yana nan an buɗe shi. A ƙasansa, a wurin rubutu, akwai saƙon da ba a kai ga aikawa ba: "Na gani, Tsoho. Wannan sa hannun naka kamar kaza ta bi ta kan takarda. Yau ni zan wanke"

A nan ya tsaya. Wayar tana cikin aljihun teburina, Pei Lan tana yi mata caji duk Lahadi. Saƙon mun bar shi yadda yake, ba mu aika ba.