Kafaɗun Baba a Rigar Biki

Mu huɗu ne mata a ɗakinmu, ni kaɗai na ɗauko Baba. Sauran ukun duk Inna suka biyo: ƙananan kafaɗu, ƙugu a cike, in sun ɗaura zane sai ya zauna daram kamar da shi aka haife su. Ni kuwa Allah Ya ba ni kafaɗun manomi, masu faɗi, a miƙe, daga nan kuma jikin ya yi ta tsukewa har ƙasa. In na ɗaura zane yini nake ina jan shi sama, don ba shi da inda zai tsaya ya huta.

Ƙauyenmu yana gefen Wad Haddad, a bakin tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Lokacin cirar auduga kafaɗun nan nawa suna da daraja. Nakan saɓa buhu in kai shi bakin gona ban sauke ba, matan da muke aiki tare su ce masha Allah, Baba ya yi ta murmushi. Amma ranar biki ba wanda ke tuna buhu. Ranar biki ƙugu ake kallo, da yadda tob, lafayar da matanmu ke naɗawa, ke kwanciya a kansa. Inna ta yi iya ƙoƙarinta. Ta yi wata biyu tana dama mini madida, wato kunun hulba da man shanu, kowace safiya, wai ita ce ke ciko da mace. Na sha har warin hulba ya kama gumina. Na kuwa yi ƙiba, sai dai duk abin da na sha a kafaɗa da damtse ya sauka.

Ina da shekara goma sha bakwai aka sa bikin ɗiyar kawuna a wani ƙauye kusa da Abu Na'ama. 'Yan matan dangi muka yanke shawarar yin anko. Aka sayo yadi ruwan zuma mai ƙananan furanni, aka kuma tsayar da ɗinki iri ɗaya, irin wanda muke gani jikin mawaƙa mata a talabijin: soso a kafaɗa, hannu a kumbure kamar an hura, wuya a rufe, siket kuma matsattse har idon sawu.

Mai yi mana ɗinki ita ce Gwaggo, yayar Baba. Kekenta na ƙafa yana ƙarƙashin rumfar tsakar gidanta, kuma kusan duk rigar da ke ƙauyen ta bi ta hannunta. Mace ce mai tsayi, ba ta da yawan magana, kullum cikin tob. Ta auna ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina, ta ɗora tef daga wannan kafaɗa zuwa waccan, ta duba, ta sauko ƙugu, ta sake dubawa.

"Ke ba ni sa miki soso," in ji ta.

"Don mi, Gwaggo? Kowa da soso."

"Kowa ba shi da abin da kike da shi. Allah Ya riga Ya sa miki naki. Bari in yi miki wani ɗinki daban, yadin dai ɗaya ne."

Na ce ni sam, ba zan fita daban cikin 'yan'uwana ba. Na yi fushi, na ƙi shan shayin da ta zuba mini. Ta dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci, ta ce, "To, kalas, shi ke nan. Jikinki ne." Ta ɗinka mini daidai yadda na nema, ba ta rage ko zare ɗaya ba.

Madubin gidanmu ƙarami ne, bai fi tafin hannu biyu ba, don haka gunduwa-gunduwa na ga kaina. Fuska lafiya. Kafaɗar dama lafiya, ta hagu ma lafiya. Sai da na tambayi ƙanwata mai bi mini yaya na yi gaba ɗaya. Ita ba ta iya ɓoye magana ba. Ta ja da baya, ta karkata kai, ta ce, "Yaya, kin ga mazurarin da Inna ke ɗura man gyaɗa a kwalba? To shi."

Ban yi kuka ba, amma saura kaɗan. Komawa wajen Gwaggo kuma girman kai bai bar ni ba. Muka zauna ni da ƙanwar tawa muka yi tunani irin na masu shekarunmu. Tunda sama ta yi yawa kuma ba a son taɓa ta, ai sai a ƙara wa ƙasa. Akwai ragowar auduga a ɗakin ajiya, wadda Inna ta keɓe don katifa. Muka yanka tsohon zane, muka ɗinka 'yan matasai biyu masu girman faranti, muka cusa musu auduga, muka haɗa su da igiya yadda zan ɗaura a ƙugu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba mu tsaya cire gurya ba, don muna sauri kada Inna ta shigo. Da na sa rigar a kai, ƙanwata ta zagaye ni sau biyu ta ce tamam, yanzu na zama mutum.

Ranar tafiya muka yi sammako. Mota buɗaɗɗiya ce, maza a gaba, mu mata da yara da tukwane da kwandunan kisra, gurasar dawa marar kauri, a baya. Kowa ya sa kayan gida sai an isa a canza, ban da ni. Na shirya tsaf tun daga gida, na lulluɓe da tob, don ban ga inda zan ɓuya in ɗaura matasaina a gidan biki ba. Kafin mu kai Sinnar na gane kuskuren barin gurya. Duk ramin da motar ta faɗa sai 'ya'yan audugar nan su soke ni. Ga rana, ga soso, ga auduga, gumi ya yi ta bin bayana. Na yi ta mutsu-mutsu, ina gyara zama, yara suna hawa cinyata suna sauka. Da muka bar kwalta muka kama hanyar ƙasa, girgizar ta ƙaru, ni dai na riƙe ƙarfen mota ina addu'ar mu isa.

Mun isa bayan azahar. Na diro, na gyara tob, na bi bayan Inna muna gaishe da dangi. A bakin ƙofa akwai wata tsohuwa, ƙanwar kakarmu, zaune kan gado tana karɓar gaisuwa. Na durƙusa na gaishe ta. Da na miƙe sai na ga idonta ya tsaya a cikina. Ta riƙo hannun Inna, ta yi ƙasa da murya, irin ƙasa da muryar tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi, wadda duk tsakar gida ke ji.

"Yaushe anka aurar da wagga ba mu ji ba? Mabruk, barka da arziki. Wata nawa ne?"

Na duba ƙasa. Igiyar ta juya a hanya. Matashi ɗaya ya dawo gaba ya zauna kan cibiyata, ɗayan ya koma baya. Inna ta bi cikin nawa da kallo. Ƙanwata ta toshe bakinta da gyale ta shige bayan randa.

Gwaggo ce ta kamo hannuna. Ba ta yi wa kowa bayani ba, ta ce da tsohuwar, "Rana ta yi, kin sha jabana kuwa?" wato gahawa, sannan ta ja ni zuwa wani ɗaki da aka tara akwatuna, ta tura ƙofa. Ta ce in cire. Na kwance igiyar na miƙa mata. Ta riƙe matasan nan, ta matsa ɗaya ta ji gurya, sai kawai ta zauna kan akwati ta fara dariya. Ban taɓa ganin Gwaggo tana dariya irin wannan ba, ba sauti, sai jiki ke rawa, hawaye na bin gefen tabarau. Ni kuma a lokacin nawa kukan ya zo.

Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "Share idonki ki dube ni."

Ta sauke tob ɗinta, ta tsaya da riga kawai, ta juya mini baya. Kafaɗun Baba ne sak. Har sun fi nawa faɗi. Ƙugun kuma ga shi nan shafal, kamar nawa. Shekara goma sha bakwai ina shiga gidan matar nan, ina cin tuwonta, ban taɓa lura ba. A idona Gwaggo doguwar mace ce mai kyan tsayuwa, shi ke nan.

"Gadon gidanmu ne," ta ce. "Kakarku ma haka take. Ni a zamanina tsumma na naɗa, ya kwance mini a tsakiyar kasuwar Dindir. Ke har kin ci gaba, kin sa auduga. Miƙo rigar."

Kullum akwai reza da allura da zare a jakarta. Ta farke kafaɗun ta zaro soson, ta jefa kan akwati. Ta kwance tattarar hannun ta rage shi ya kwanta a damtse. Wuyan da ke rufe ta tsaga shi ya sauko da tsini kaɗan, daidai inda mutunci ya yarda, ta kalmashe. Tana yi tana magana, allura a gefen baki.

"Ido shina bin layi. In kin ja mishi layi a kwance, sai ya ga faɗi. In kin ja mishi a tsaye, sai ya ga tsawo. Ke sama ba ta son ado, ba ta son tattara, ba ta son ƙyalli. Duk abin da kike so na kwalliya, kai shi ƙasa."

Ta karɓi ɗankwalina, wanda yadinsa ɗaya da rigar, ta raba shi biyu. Ta aiki ƙanwata gidan maƙwabta ta tambayo ko suna da keke. Aka ce akwai. Gwaggo ta yafa tob ta fita da rigar, ta bar ni zaune da zanen aro. Ba ta fi rabin awa ba ta dawo. Ta farke siket ɗin ta gefe biyu tun daga ƙugu, ta saka ƙyallen nan, kowanne siriri a sama mai faɗi a ƙasa. Da na sa, siket ɗin ya buɗe, yana juyawa in na juya.

Saura tob. Ni da nakan tara ragowarsa in jibga a kafaɗar hagu, kamar yadda na ga Inna na yi. Gwaggo ta ce Inna tana da wurin jibgawa, ni ba ni da shi. Ta nuna mini yadda zan yi ninki uku a ƙugu kafin in ɗauko shi sama, yadda zai bi kafaɗa a shimfiɗe, bakinsa ya zubo ta baya har gwiwa. Ta cire doguwar sarƙarta ta rataya mini, ta karɓe manyan 'yan kunnen da na aro ta ba ni ƙanana.

"Kuma ki daina ranƙwafawa. Kina tsammanin in kin tanƙwashe su suna raguwa? Miƙe."

Da la'asar aka fara kiɗa a filin ƙofar gida. Na fito ina jin kamar kowa ni yake kallo, amma mutane suna ta kansu. 'Yan ankon namu suna can a jere da sosonsu, ni ɗaya ce daban, kuma ba wanda ya ce don me. Wata ɗiyar ƙanwar Inna ma ta jawo ni gefe ta tambaye ni wa ya yi mini wannan ɗinki, ko a birnin Madani aka yi. Na yi rawa har ƙafata ta yi ciwo. Tsohuwar nan kuwa, da na zo wucewa ta gabanta, ta sake kallon cikina, ta kalli fuskata, ta ce da ta kusa da ita idonta ya fara lalacewa, dole a kai ta a duba.

Labarin bai ɓoyu ba, don ƙanwata ba ta iya riƙe shi ko kwana ɗaya. Har yau in an taru a gidanmu sai wani ya tambaye ni wata nawa ne.

Bayan bikin na riƙa zuwa rumfar Gwaggo da rana in na taso makaranta. Da farko kallo nake, daga baya ta bar ni ina kalmasa, daga baya ta ba ni almakashi. Ban zama tela ba, koyarwa na yi, amma kayana ni nake ɗinkawa. Farin tob na zuwa aiki nakan zaɓi mai laushi wanda ke zubowa, ban sayen mai kauri da ke tsayawa a kafaɗa kamar tanti. Tob na fita unguwa kuwa ina neman wanda adonsa ke bakin ƙasa. Riguna masu duhu a sama, siket mai buɗewa, aljihu a gefe in na samu dama. Wani lokaci kuma nakan karya dokar gaba ɗaya. Ina da wata riga ja mai faɗin wuya wadda ke fito da kafaɗun nan sarai, ina sa ta cikin gida ranar da na ga dama, don yanzu ina son su.

Gwaggo ta tsufa, idonta ya yi rauni, ta bar keke. Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gaishe ta sanye da sabuwar riga. Ta ce in matso. Ta bi ɗinkin da yatsunta, daga wuya zuwa kafaɗa, ta gangaro hannu, ta kama bakin siket ta ja ta ji faɗinsa.

"Wa ya yi wanga?"

"Ni ce, Gwaggo."

Ta sake shafa hannun dama, ta koma na hagu.

"Ya yi kyau," ta ce. "Amma na hagu ya ɗara na dama da yatsa guda. Ɗauko reza a jakata, ki zauna nan ki gyara kafin baƙi su zo."