Jamusancin da Na Koya Don Jikata

Sai da na yi ritaya daga koyarwa a Kebbe, na dawo gida Tambuwal, sannan na fara koyon Jamusanci. Ɗana na biyu ya tafi karatu Jamus, ya auri 'yar can, suka haifi ɗiya. Yarinyar ta yi baki, amma ko kalma ɗaya ta Hausa ba ta ji. In ya kira mu ta bidiyo sai ta leƙo, mu dube ta, ta dube mu.

Shi ya turo mini darussa a waya. Bayan la'asar nakan zauna a zaure ina maimaitawa: ich bin, ni ne, du bist, kai ne ko ke ce, wir sind, mu ne. Wadda ta fi ba ni wuya ita ce sie, yanzu tana nufin ita, an jima su. Na daɗe ina koyar da nahawu, amma abin da na haddace yau, gobe sai in neme shi in rasa. Maƙwabcina in ya dawo gona yakan tsaya ya ce, "Malam, da wa kaka magana kai ɗai?"

Wata Juma'a suka kira, aka miƙa wa yarinyar wayar. Na gyara murya na ce, "Ich bin dein Opa," wato ni ne kakanki. Ta yi murmushi. Daɗi ya kama ni, na ƙara da jimlar da na haɗa da kaina, irin wasan kaka da jika: "Du bist meine Frau," ke matata ce.

Murmushin ya ɓace. Ta juya wajen uwarta tana zuba magana, ban kama ko ɗaya ba. Ɗana ya karɓi wayar.

"Baba, nan ba a wanga wasa. Ta tsorata."

"To ka hwaɗa mata wasa na."

"Na hwaɗa mata, Baba."

Tun daga ranar in sun kira, ko tana makaranta, ko ta ɗaga hannu daga nesa ta wuce. Na ci gaba da darasin har damina ta fita, ban wuce shi ba. Uwargidana ta ce, "Malam, ka bar wahal da kanka." Idona ma yanzu ba ya ganin ƙananan haruffa. Bara ɗana ya ce za su zo da babbar sallah, ba su zo ba. Bana bai ko ta da maganar ba.