Ciwon Mazan Gidanmu

A gidanmu, in namiji ya dafe ƙirji ba a tambayarsa komi, kanwa ake jiƙa masa. Haka na taso na gani a ƙauyenmu, kusa da Tsarnawa. Mu a wurinmu ƙwarnafi ne, abinci ne ya tsaya. Baba ya sha kanwar nan shekara da shekaru, ran nan ya faɗi a bakin rijiyar garka, wato lambunmu, ko furfurar kirki bai yi ba. Bayan damina biyu ƙanensa ya bi shi, a kan amalanke. Sai wanmu. Shi kam da hannuna na dama masa, yana gumi sharkaf, yana cewa hannunsa na hagu ya yi nauyi. Na ce, "Sha, Yaya, yanzu za ka yi gyatsa." Ya sha, ya miƙo mini ƙoƙon, kafin la'asar an yi masa sutura. Wallahi har yau ban yafe wa kaina ba.

Saura Auta, shi kaɗai namijin da ya rage mana, manomin albasa, ga mata ga 'ya'ya ƙanana. Ranar da matarsa ta tsegunta mini cewa ya fara tsayawa a hanyar garka yana murza ƙirji, na tasa shi gaba da masifa. Ni dama an san ni da baki. Na ce ko ya hau kabu-kabu mu tafi wurin lokotoro, wato likita, a Ƙonni, ko in kwanta a ƙofar ɗakinsa ya tsallake ni. Ya hau yana dariya, wai Yaya ta tsufa ta fara rikici.

Lokotoron bai yi mana gaggawa ba. Ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya manna masa wayoyi a ƙirji, sannan ya tambaye shi abin da ya kashe babansa. Ni na amsa. Na faɗa masa su ukun, da yadda kowa ya tafi. Ya ce hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciya ne ke toshewa, kuma akwai gidajen da ake gadon abin a cikin jini, kamar yadda ake gadon tsawo ko wushirya, ya kuma fi kama maza da wuri. Na ce, "To, kanwar fa da muke ba su?" Ya dube ni, ya girgiza kai kawai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya rubuta magani, ya ce a bar taba, a rage gishiri da mai, ban da ɗaukar kaya mai nauyi, kuma a je Yamai a duba jijiyoyin da na'ura tun da wuri. Auta ya gyara hula ya ce, "Lokotoro, abin ga da ke cikin jini, ana hidda shi?" Ya ce a'a, amma ana iya ja masa burki, mutum ya daɗe. Na rantse a'a ɗin kaɗai ta shiga kunnen Auta.

Magani yana sha in ina kusa. Taba ya daina, a gabana dai. Yamai kuwa, sai an kwashe albasa, kuma albasa lokacin nan ta nuna.

Wata hantsi na kai masa fura garka, na tarar da shi shi kaɗai tsakanin buhuna, babbar mota tana bakin hanya tana lodi. Nan na buɗe baki. Na kira shi marar jin magana, na ce so yake ya bar ni da marayu. Ya bari na gama tas, yana dafe da kwankwaso yana haki.

Ya ce, "Yaya, in motag ga ta tahi, albasa ta ruɓe, mi ɗiyana za su ci? Bar faɗan haka nan. Kama mini."

Na waiga ko zan ga wani namiji da zai karɓe shi, kowa yana fama da nasa lodin. Ban san lokacin da na ajiye ƙwaryar ba. Na kama kunnen buhun, ina hawaye ina zaginsa, muka ɗora shi a bayansa. Ya nufi bakin hanya da ƙyar, ni kuma na tsaya kusa da buhu na biyu ina jiran ya dawo.