Auwalu Ɗan Yayata da Kakar Wasansa ta Ƙarshe

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Auwalu, ɗan yayata. Da yana raye, da yanzu ya doshi talatin, wataƙila har da tumbi da 'ya'ya. Ni dai har yau, da zarar ganyen bishiyoyin unguwarmu ta University Heights ya fara ja, sanyi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, sai in ji jikina ya mutu. Lokacin ƙwallonsu ne. Ranar Asabar idan na taso daga asibitin da nake aikin jinya na bi ta gaban shagon aski, sai in ji ihun filin wasa yana fitowa daga talabijin. Ba na juyawa, amma ƙafata takan rage sauri da kanta.

Ga mai karatu na gida, bari in ɗan yi bayani, don ni ma sai da na sha wuya kafin na gane. Ƙwallon Amurka ba irin wadda muka sani ba ce. Doguwa ce kamar gwanda, a hannu ake rungumarta a ruga da gudu, ƙarti sanye da hular kwano suna bin mutum don su kayar da shi. Wanda ya kai ta bayan layin ƙarshe ya ci. Jami'o'i suna da nasu 'yan wasan, suna karawa duk Asabar daga ƙarshen zafi har zuwa saukar ƙanƙara. Aikin Auwalu shi ne gudu da ƙwallon. A miƙa masa, ya sunkuyar da kai, ya nemi hanya a cikin mutane. Ranar da na fara gani cewa na yi, wannan ai dambe ne aka sa masa riga.

Mahaifinsa ya rasu tun yana firamare. Yaya Rabi ce ta riƙe shi da ƙanwarsa Fa'iza, da teburinta na turaren wuta da man kaɗanya da mayafai a bakin titin 125th Street. Auwalu ɗan fari ne, mu kuma a gidanmu na Kano uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Haka Inna ta yi wa babban wanmu har ta koma ga Allah, kuma bai taɓa shakkar tana sonsa ba, don kowa a unguwa haka yake gani a gidansu. Yaya ta ƙetaro teku da wannan alkunya ba ta zubar da ko ɗigo ba. "Yaron nan" take ce masa. Idan kiransa za ta yi, sai ta ce "kai". Shi kuwa a asibitin Bronx aka haife shi, ya tashi cikin yaran da iyayensu mata suke sumbatarsu a ƙofar makaranta. Ni ce mai zuwa taron iyaye, ni ce mai tafi ranar ba da kyauta. A gida ma da ni za a ba wa riƙonsa, saboda haka ban taɓa ganin abin a matsayin wani abu ba.

Ƙwallon ce ta kai shi wata jami'a can arewacin jihar, tafiyar rabin yini a bas. Shekarunsa na farko a benci ya fi zama, sai dai a sako shi in wasa ya zo ƙarewa. A shekarar ƙarshe ne, a wasan farko ma, ɗan wasan da ake sakawa a gurbinsa ya gurɗe a gwiwa, koci ya waiga ya yafito shi. Ina wurin. Ƙwallon farko da aka ba shi, ya ruga ya yi karo da bayan ɗan ƙungiyarsu, ya zauna daɓas a ƙasa, filin ya kwashe da dariya. Ni ma na dara, Allah na tuba. Kafin a tashi kuwa ya tsallaka layin nan, wani ƙato yana rataye da ƙafarsa.

Daga nan yaron ya canza a gaban idona. Gajere ne mai faɗin ƙirji, a da da ƙarfi kawai yake bi ta kan mutane. A kakar nan ya koyi haƙuri. Sai ka ga ya karɓi ƙwallo ya ɗan dakata a bayan manyan da suke tare masa, har ka ce ya manta abin da ya kawo shi, sai 'yar kafa ta buɗe, kafin ka kifta ya shige. Akwai wata Asabar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ana dab da tashi ƙwallon ta suɓuce masa, aka ci su. Ya ƙi taɓa dambun naman da na kai masa. Kocin ya ɗora masa horo irin nasu: ya riƙa yawo da ƙwallo a hammata mako guda, aji, ɗakin cin abinci, ko'ina, duk wanda ya gan shi yana da izinin ya buge ta. Ya kira ni yana dariya, wai har sallah sai ya ajiye ta a gabansa yana harararta. Bayan nan ba ta sake suɓuce masa ba. Jaridar ɗalibai ta buga hotonsa, yara 'yan makaranta suka fara tare shi a bakin fili.

Abin da ya fi zauna mini a rai ba gudun ba ne. Duk lokacin da ya ci, abokansa suna dukan hularsa suna tsalle, sai ya juyo ya dubi ɓangaren da iyalan 'yan wasa suke zama. Ina ɗaga masa mayafina. Yakan gan ni, ya ɗaga hannu. Sai kuma kansa ya ɗan ƙara juyawa, ya duba damana, ya duba haguna, sannan ya koma. Bidiyon wasannin suna nan a waya, kowa zai iya gani. Wanda bai sani ba zai ce kallon jama'a yake yi.

Yaya ba ta taɓa zuwa ba. Amma duk Asabar ɗin da yake da wasa, ranar da ciniki ya fi tafiya, takan naɗe teburinta ta koma gida ta hau dadduma, ba ta sauka sai na kira ta. In ce, "Yaya, an tashi." Ta ce, "Lafiya dai?" In ce lafiya. Ta ce, "Madalla," ta kashe wayar. Ba ta taɓa tambayar wa ya ci ba. Na faɗa masa wannan ba sau ɗaya ba. Wata rana a tashar bas ya ce da ni cikin Turanci, "Na sani, Anti. Amma ni ba na hango dadduma daga fili."

Suna da wata al'ada. A wasan ƙarshe da za a yi a gida, kafin a fara, akan kira 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya ta lasifika, kowa ya fito tsakiyar fili da iyayensa riƙe da hannunsa, a faɗi sunansa a faɗi nasu. Saboda wannan Auwalu ya hau bas ya zo gida takanas. Ina zaune a kicin ina yanka kuɓewa, Yaya tana tuƙa tuwo, ya tsaya a bakin ƙofa ya cika ta. Yaron da kullum a yi masa Hausa ya mayar da Turanci, ran nan da Hausa ya yi magana, yana ɗauko kalmomin ɗaya-ɗaya.

"Umma, ina so ki zo. Ki riƙe hannuna. Za su kira sunanki."

Ba ta juyo ba. "Antinka za ta je."

"Ba Anti ce ta haife ni ba."

"Kin ji yaron nan," in ji Yaya, da ni take magana. "In fita gaban duniya ina washe baki a kan ɗan fari? Me za a ce da ni?"

"Wa zai ce, Umma? Babu wanda ya san wannan a can."

"Ni na sani," ta ce, ta ci gaba da tuƙinta.

Na sa baki, na ce Yaya sau ɗaya ne fa a duniya, ki saka niƙabi ma in kina so. Ta ce in ji da kuɓewata. Ya je ya wanke hannu, ya ci tuwon nan har da ƙari. Da safe ta cika masa leda da dambu da ƙuli-ƙuli, ta ajiye a kan jakarsa tun bai tashi ba.

Ni na raka shi. Ana ɗan yayyafin ƙanƙara, na yi ado da leshina mafi kyau, na ɗora ƙatuwar rigar sanyi a kai. A gabanmu wata mata ta rataye a wuyan ɗanta tana kuka, wata tana sumbatar hular kwano. Da aka zo kanmu, mai lasifika ya faɗi sunansa, ya ce tare da rakiyar ƙanwar mahaifiyarsa. Jama'a suka yi tafi sosai, don suna sonsa. Kowane yaro an ba shi fure ya miƙa wa uwarsa. Ya miƙo mini nasa ya ce, "Ki kai mata." Ran nan ya yi wasan da bai taɓa yin irinsa ba, babu wanda ya iya riƙe shi, har 'yan ɗaya ɓangaren suka miƙe suna masa tafi. Da ya ci, bai dubi wajenmu ba. Na kai wa Yaya furen, ta karɓa ta saka a kofi a bakin taga, ta ce, "Ya ci abinci kuwa?"

Da sanyi ya wuce, yana shirin gwajin da manyan ƙungiyoyi suke yi wa masu fita daga jami'a, ya faɗi a wurin atisaye da hantsi. Likitoci suka ce zuciyarsa ce, da matsalar aka haife shi, babu wanda ya sani. Abokan wasansa suka cika mana ɗan falonmu, ƙarti zaune a ƙasa suna kuka kamar yara, kowa sunansa yake kira. Yaya na zaune a lulluɓe, idonta a bushe, don ko a mutuwa uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a bainar jama'a. Kocin ya ce da ni yayata jaruma ce. Bayan an watse, abu ɗaya ta ce: "Sunan yaron nan ya yi yawa a bakin mutane."

Yau abubuwa sun sake. Yaranmu da yawa suna wannan wasa, daga nan Bronx har Brooklyn, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana. Na ga matan da muke zuwa masallaci ɗaya da su sun buga hoton ɗansu a riga, sun ɗora a kan abaya, suna rangaɗa guɗa a filin makaranta, ɗan fari ko ɗan auta duk ɗaya. Nakan tambayi kaina me Auwalu zai ce da ya gani. Na san zai yi dariya, don mai dariya ne. Ban san abin da zai biyo bayan dariyar ba. Ba na ganin laifin Yaya. Abin da ta gani ta yi, kuma na san abin da Asabar ɗin nan suke ci mata a rai. Shi ma ba na ganin laifinsa. Ya roƙi abu ɗaya, ƙarami a wurin kowa a garin nan, babba a wurin mutum ɗaya. Abin da yake hana ni sukuni shi ne ban san da wanne ya tafi ba, da abin da na faɗa masa ko da abin da idonsa ya gani. Ina kewarsa ƙwarai, kuma ina tausayin Yaya fiye da yadda zan iya gaya mata.

Me ya rage nasa? Lambar rigarsa wani yaro ne yake sakawa yanzu. Kocin ya koma wata jihar. Waɗanda suka yi masa tafi sun gama makaranta sun watse, bidiyon ma ina jin ni kaɗai nake buɗewa. Na ɗauka shi ke nan, sai kabari da addu'a.

A watan jiya Fa'iza ta haihu a unguwar Flatbush, namiji, ɗanta na fari. Ranar suna aka ce an mayar da sunan marigayi. Muna zaune a ɗakin mai jego, mata cike, ana ta raba waina, wata dattijuwa 'yar Zinder ta ce to sai a riƙa ce masa Halifa saboda kakarsa, kamar yadda aka saba. Kowa ya ce haka ne. Fa'iza ta ɗago daga kan gado ta ce da Turanci, "Babu wani Halifa. Sunansa Auwalu." Ta tashi da ƙyar, ta ɗauko jaririn, ta ɗora shi a cinyar uwarta.

Yaya ta daɗe tana kallonsa. Ta gyara masa hula, ta shafa ɗan kunnensa. Na ga leɓenta yana motsi, na ɗauka addu'a take yi. Sai ta ɗaga kai daga kan jaririn, ta fuskanci ƙofar ɗaki, ta buɗe murya kamar mai kiran wanda yake can falo ya zo ya ɗauki abincinsa.

"Auwalu."

Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Mu duka muka juya muka dubi ƙofar, har da ni da aka fita da gawarsa a gabana. Yaya ta karkata kunne tana jira a amsa.