Ɓarawon Ƙwan Inna

Salama, 'yan uwa. Kusan shekara biyu ban ɗora hoton Sadiku ba, kuna ta tambayata ko lafiya. To, ba lafiya ba ce. Sai yau bakina ya buɗe.

Sadiku ɗana ne na fari. Yana fara tafiya ƙafafunsa suka soma lanƙwasa kamar baka. Taku uku sai ya zauna yana kuka. Wuyan hannunsa ya kumbura. Daga baya ko tsayuwar ma ya daina.

Inna, uwar mijina, ta ce gado ne daga danginmu. Innata na jin haka ta hau kabu-kabu tun daga Gwashi. Suka baje tabarma suka bi ƙafafun dangi ɗaya bayan ɗaya, matattu ma ba su tsira ba. A ƙarshe aka ɗora wa wani kawun mijina da ya rasu tun ba a haife ni ba.

Ina dariya a gabansu, in shiga bayi in sha kuka. Tsorona ɗaya ne, kada yaron nan ya ƙare rayuwarsa a zaune.

Muka tafi asibiti a Gummi, ni da Inna. Kati, dogon layi, ɗibar jini, hoton ƙashi. Likita, wata doguwar mata, ta ce ba gado ba ne. Ƙasusuwansa ne suka yi laushi don ba sa samun sinadaran gina ƙashi, kalsiyam da bitamin D.

Ta tambayi abincinsa. Na ce tuwo, kunu, tuwo. Nono fa? Kullum masu nono na wucewa ta ƙofar gidanmu, ban taɓa saya masa ba. Rana fa? Na sunkuyar da kai. Yaron fari ne tas, sai na ɓoye abina a ɗaki kada ya dushe, kada kuma baki ya kama shi.

Likita ta ce, "A Bukkuyum kika hana yaro ganin rana? Lallai kin yi ƙoƙari."

Da ta ambaci ƙwai Inna ta miƙe tsaye. "Ƙwai? So kike ya tashi ɓarawo?"

Likita ko ɗago kai ba ta yi ba. "Inna, ɓarawon ma sai da ƙafa."

Muka dawo da magani. Kullum hantsi Sadiku na tsakar gida yana shan rana, ga nono, ga busasshen kifi dakakke har ƙaya. Inna na dafa ƙwai tana istigifari. Watannin farko ban ga canji ba, har na fara fid da rai. A hankali ƙafa ta soma miƙewa.

Juma'ar da ta wuce Inna ta dafa wa baƙi ƙwai. Sadiku ya wafce ɗaya ya arce. Ta bi shi da mafici tana cewa, "Ban hwaɗa ba?" Har zaure ba ta kamo shi ba. Nan ta zauna a bakin ƙofa tana haki, sai na ga hawaye ne ke zuba. Na zauna kusa da ita muka yi tare.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitar nan, da ku masu addu'a, da alheri.

Iyaye, in ƙafar yaro ta fara lanƙwasa, ku bar kakanni su huta a kabari, ku je asibiti da wuri. Ku ba shi nono, ku bar shi ya sha hantsi.

Inna ta ce in gaya muku tana nan kan bakanta, ƙwai na sa sata. Jiya dai ta ƙaro kaji biyu.